Katin Hoto, Hoton Kati

Kwamfutata tana tari kamar tsoho mai asma.
In na ɗora mata bikin minti arba'in
sai amarya ta tsaya cak, ƙafa ɗaya a sama,
ango ya sandare baki buɗe,
fanka na kuka, ni ina zufa
a shagon da bai fi tabarma uku ba
bayan babbar kwatar Nima.

Mutawakilu ya ce, "Ba ciwo ba ne, yunwa ce.
Katin hoto take so, mai fanka uku."
Na je kasuwa na ji kuɗinsa,
na dawo a toro-toro ban ce uffan ba.

Sai ga gwanjo a waya, ƙarfe ɗayan dare.
Baƙi wuluk, yana sheƙi kamar motar da ba ta taɓa ƙasa ba.
Sidi dubu biyu. Wani ya ƙara ɗari.
Na ƙara. Ya ƙara.
Ban san shi ba, amma na tsane shi
kamar wanda ya taka mini farar riga ranar Juma'a.
Dubu huɗu da ɗari uku:
zubin adashin wata tara,
da kafin alƙalamin Hajiya Sahadatu
na bidiyon auren autarta.
Na ci! Na yi ihu har akuyar maƙwabta ta amsa.

Kwana shida, ɗan okada ya ja birki.
"Kai ne Inusa mai bidiyo?"
Kwalin ba nauyi.
Na ce ai haka kayan zamani suke.
Na sa reza.
Jarida, jarida, wata jaridar,
can ƙasa takarda guda mai santsi:
fanka uku, baƙi wuluk,
ba ƙura, ba tsaga,
ba kati.

Na koma tallar, wannan karon har gindinta.
Rubutu kamar sawun kiyashi:
"Hoton kati ne kawai.
Tarko ne don na'urorin da ke wawure kaya.
Ɗan Adam kada ya taya."

Ashe ni na'ura ce.
Ni da ke alwala,
ni da ke cin wake da shinkafa a ganye
har in nemi ƙarin yaji.

Na kira lambar. Wata mata ta ce a kashe take,
cikin ladabi, sau goma sha ɗaya.

Kawu Bawa, shekara talatin yana dillancin shanu a Ashaiman,
ya juya takardar gaba da baya.
"Mu ko saniya sai mun buɗe bakinta.
Kai ka yi cinikin biri a sama,
aka aiko maka inuwar wutsiya."
Ya yi shiru, ya gutsuri goro.
"Kuma bai yi maka ƙarya ba."
Nan ne ƙayar ta karye a nama.

Mutawakilu ya ce, "Mayar da shi gwanjo,
ba kai kaɗai ne mai garaje ba."
Na zauna na rubuta.
Na ƙanƙance layin ƙarshe
har ya koma kiyashi.
Minti bakwai, wani ya taya:
Fuseini Aboabo, zanen kati da kalanda.
Ban san Kumasi sosai ba,
amma na ga shagonsa, na ji fankarsa,
na san irin adashin da yake zubi.
Na sauke tallar.
Hannuna bai daina rawa ba har asuba.

Yanzu yana bango, na kafe shi da ƙusa.
Ba ya zafi, ba ya cin wuta,
ko an ɗauke lantarki yana nan da sheƙinsa.
Masu shigowa kan ce, "Kai, ka sayi babba!"
In ce, "Na saya."

Hajiya Sahadatu ta aiko jikanta karo na uku.
Na ce ya gaishe ta, ya ce mata jibi.
A kan allo amarya tana nan,
ƙafa ɗaya a sama,
tana jira a ba ta ƙasa ta taka.